Darasi: Ta Cewar Masani da Ta Cewar Jama'a

Da yawa daga cikinku sun riski zamanin, wasu ma a ƙofar gidansu aka yi. Mata biyu ko uku su yi sallama, ɗaya rataye da ɗan akwatin ƙanƙara, ɗaya riƙe da alli, su ce sun zo ɗiga wa yara maganin shan inna. A wani gidan a fito da yaran, a ɗiga wa kowa ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a yi rubutu a jikin bango. A wani gidan kuwa maigida ya riga ya kafa doka kafin ya fita kasuwa. Uwa ta tura yaran ɗaka, ta leƙo ta ce ba sa nan.

Wannan ja-in-ja ta ƙofar gida ta kai har gidan gwamnati a shekarar 2003. Da ita za mu duba wata tambaya da ke gaban kowace ƙasa mai bin dimokuraɗiyya: idan lamari ya shafi kowa, amma fahimtarsa na buƙatar ilimin da mutane ƙalilan ne ke da shi, wa zai yanke hukunci?

Yadda abin ya faru

A 1988 ƙasashen duniya suka yi alƙawari, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa za su kawar da shan inna daga doron ƙasa. A lokacin cutar na nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Ƙwayar cutar na fita ta bayan gida, ta shiga wani yaron ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Yawancin yaran da ta shiga ba sa nuna wata alama, amma a jikin wasu takan kai ga jijiyoyi ta shanye ƙafa ko hannu. Sunan da kakanninmu suka ba ta ya nuna yadda suka fahimce ta: sun ɗauka Inna ce, ɗaya daga cikin iskoki, ke shanye gaɓar yaro. Idan ta riga ta kama, babu maganin da zai dawo da ƙafar yadda take. Rigakafi kaɗai ke tare ta.

Zuwa 2002 aikin ya yi nisa, ƙasashen da suka rage da cutar 'yan kaɗan ne, Nijeriya na cikinsu. Sai a 2003 magana ta bazu a Arewa cewa an zuba wa ɗigon sinadarin hana haihuwa, wasu suka ce har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Cikin fitattun masu wannan magana akwai Dakta Ibrahim Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, wanda shi kansa likita ne. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran sun dawo da wuri, amma Kano, a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tsaya kusan shekara guda. Gwamnatin tarayya ta tura wakilai Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya aka gwada maganin, suka dawo suka ce lafiya ƙalau yake. Kano ta ce nata masanan sun ga alamar wani sinadari, don haka ba ta gamsu ba. Sai a watan Yuli na 2004 ta yarda a ci gaba, bayan an samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne.

Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya kimanin 200 ne a 2002. A 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Yaman, a 2005 ta isa Indonesiya ɗin kanta. Kowane ɗaya a cikin wannan lissafi ɗan wani ne, kuma waɗanda suka rayu a cikinsu yanzu samari ne da 'yan mata, wasu a kan keken guragu.

Tambayoyi iri biyu a buhu ɗaya

Abin da ya dagula lamarin shi ne an zuba tambayoyi iri biyu a buhu ɗaya an ɗaure baki. Bari mu kwance mu ware su.

Ta farko: shin akwai abin da ke hana haihuwa a cikin ɗigon nan? Wannan tambaya ce ta ɗakin gwaji. Ko da mutanen Kano gaba ɗaya za su taru a filin idi su ɗaga hannu, yawansu ba zai sa wani sinadari ya shiga kwalbar ko ya fita daga cikinta ba. Kuma dole a faɗi gaskiya ba kwana-kwana: zargin bai tabbata ba. An ba wa ɗaruruwan miliyoyin yara wannan ɗigo a Indiya da Masar da Indonesiya da nan gida, sun girma, sun yi aure, sun haihu. A wannan gaɓa masana lafiya ne ke da gaskiya.

Amma akwai wasu tambayoyin da iyaye ke yi a zaure waɗanda babu ɗakin gwajin da zai amsa su. Magidanci yakan ce: na kai ɗana asibiti da zazzaɓin cizon sauro an ce in je in sayo magani, baƙon dauro ya kashe yara a unguwar nan ba wanda ya zo, to me ya sa wannan cuta ɗaya ake bin mu da maganinta har gida, kyauta, sau da yawa a shekara? Wa ya zaɓa mana ita a kan sauran? Idan wani abu ya sami ɗana, wa zan riƙe? Waɗannan tambayoyi ne a kan abin da ya kamata a sa a gaba, da wanda aka yarda ya shiga gida, da wanda zai ɗauki alhaki. Amsarsu hakkin jama'a ne, kuma mai digiri uku ba shi da ƙuri'a biyu a kansu.

Ku tuna kuma mutanen Kano ba daga sama suka tsinci shakka ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, aka ba wa wajen rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Shari'a ta ɗauki shekaru, sai a 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma yaƙin da Amurka ta ƙaddamar a Iraƙi a watan Maris na 2003, wanda mutane ke bi a rediyo safe da yamma. Jami'in da ya zo da takardun gwaji yana ganin ya gama magana. Uban da ke saurarensa kuwa wani lissafin yake yi: mutanen nan sun taɓa yi mana ba daidai ba, me ya canja?

Misalin gini zai taimaka. Wanda zai gina gida shi ke faɗin ɗaki nawa yake so, ina zaure zai fuskanta, nawa zai iya kashewa, ko zai fara da ɗakin tsohuwarsa ne. Magini shi ke faɗin ko ƙasar wurin za ta riƙe gini, ko katangar za ta ɗauki nauyin rufi. Idan maigida ya ce a rage siminti a tushe don kawai shi ke biya, gini zai faɗo a kan iyalinsa. Idan magini ya gina abin da ya ga dama don ya fi sanin gini, ya zalunci mai kuɗi. A harkar ƙasa jama'a su ne maigida. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar cewa mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma wajibi ne a ba su damar sa baki a yadda ake mulkinsu. Musulmi a cikinku sun san abubuwan biyu duk suna cikin Alƙur'ani: umarnin a tambayi ma'abota sani a Suratun Nahli, aya ta 43, da yabon masu gudanar da al'amarinsu ta shawara a Suratush Shura, aya ta 38.

Idan masana suka saɓa

Nan ne wuri mafi wuya a darasin, don haka mu ɗan zauna a kansa. Da a ce likitoci duka suna gefe ɗaya, jama'a suna ɗaya gefen, da lamarin ya zo da sauƙi. Amma mutumin Kano a 2003 ya kunna rediyo ya ji likita yana cewa a karɓa, ya ji wani likitan yana cewa kada a karɓa. Shi bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ya zai yi?

Ba zai iya auna maganin ba, amma zai iya auna masu maganar, kuma wannan abu ne da kowannenku ke yi kullum. Kafin ka kai babur ɗinka wurin makanike sai ka tambayi waɗanda suka taɓa kai masa. Haka ma a nan. Abu na farko da za a duba shi ne fannin mutum. Kalmar dakta tana da faɗi, likitan ido daban, masanin haɗa magunguna daban, kuma shahara a wani fanni ba ta zama hujja a wani. Sai a duba inda mafi yawan 'yan fannin suka tsaya, musamman waɗanda ba ƙasarsu ɗaya ba, ba kuma aljihu ɗaya ke biyansu ba. Idan masana a Indiya da Indonesiya da Afirka ta Kudu suka gwada abu kowa a wurinsa suka sami amsa ɗaya, wannan ya fi maganar mutum ɗaya nauyi, komai girmansa a idonmu. Mutum ɗaya yakan yi daidai jama'a su yi kuskure, hakan na faruwa a kimiyya, amma hanyar da yake bi ya tabbatar da maganarsa ita ce ya baje yadda ya yi gwajinsa, wasu su maimaita su ga abin da ya gani.

Akwai kuma tambayoyin da ba sa buƙatar boko ko kaɗan. Wa ke biyan wannan masani, kuma me zai samu in an bi maganarsa? Ya taɓa fitowa ya ce na yi kuskure? Zai ba wa ɗansa na cikinsa abin da yake cewa a ba wa nawa? Yana amsa tambaya, ko yana jin haushin an yi masa ita? Ni a ganina masanin da ke jin tambayar talaka raini ce ya riga ya zubar da rabin amfaninsa, ko da abin da yake faɗa gaskiya ne, domin gaskiyar da ba a karɓa ba ba ta yi wa yaro rigakafi.

A tsakiyar masana da jama'a akwai wanda aka zaɓa. Aikinsa ne ya saurari ɓangarorin biyu, ya yanke hukunci, ya ɗauki alhakinsa, domin shi ne za a iya cirewa a zaɓe mai zuwa, ba a kuwa zaɓen masani. Gwamnatin da ta ga jama'arta na cikin tsoro tana da hujjar ta nemi a sake gwaji a gaban idon waɗanda jama'a suka yarda da su. Sai dai jinkiri ma hukunci ne. Kowane wata da aka ƙara ana jira, ƙwayar cutar ba ta jira, kuma waɗanda suka biya kuɗin jiran yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar da ba a tambayi ra'ayinsu ba, wasunsu ma a ƙasashen da ba su da hannu a zaɓen Kano. Ina ganin watannin sun yi yawa.

Bakolori

Kada wani ya fita daga ajin nan da tunanin cewa kullum jama'a ne ke kuskure. A kusa da Talata Mafara, a Jihar Zamfara ta yanzu, an datse kogin Sakkwato aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka kammala ta a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Injiniyoyin sun san aikinsu, madatsar na nan tsaye har yau. Abin da ba su sa a lissafi yadda ya kamata ba shi ne rayuwar mutanen wurin. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki. An karɓi gonakin wasu don a baje su a yi magudanai, damina ta wuce ba su yi shuka ba, aka sare itatuwan da suke ci suke sayarwa, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Can ƙasa da madatsar, manoman fadama da ke dogaro da ambaliyar kogi don noman shinkafa, da masunta, suka ga ruwan ya ja baya. Duk wani tsohon manomi a yankin zai iya faɗin abin da fadama za ta zama in ambaliya ta daina zuwa. Wannan ma ilimi ne, na wanda ya shekara arba'in yana kallon kogi ɗaya.

Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980, ƙarƙashin gwamnatin farar hula da aka zaɓa watanni kaɗan kafin nan, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Adadin mamatan da gwamnati ta amsa bai kai 30 ba. Masu bincike da mutanen yankin sun ce ɗaruruwa ne.

Abin da ya juya lamarin shan inna

Komawar Kano a 2004 ba ta kawo ƙarshen ƙin karɓa ba, domin sanarwar gwamnati ba ta shiga zuciyar uba. Abin da ya yi aiki ya zo a hankali. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye suka daɗe suna nema, irin su rigakafin baƙon dauro da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, wani lokaci da gidan sauro ko sabulu. Wato an amsa tambayar nan ta zaure. A 2009 sarakunan Arewa, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti suka shiga aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka zama masu bin gida-gida. Aka ɗauki matan unguwa da kowa ya san gidansu su riƙa yi wa 'yan'uwansu mata bayani. Malamai suka yi magana. Waɗanda cutar ta nakasa suka fito da kansu suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Daga yara 388 a 2009, adadin ya faɗo zuwa 21 a 2010.

Hanyar ba ta miƙe sumul ba. Adadin ya sake hawa, kuma a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, Allah ya jiƙansu. Duk da haka yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a Nijeriya a Borno ne, a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Har yanzu ana zagayen rigakafi, saboda akwai wani nau'in da ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, wanda kan yaɗu a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Masana sun san da wannan, kuma hakkin iyaye ne a yi musu bayaninsa a fili da harshensu. Ɓoye irin wannan bayani don gudun tsorata mutane shi ke haifar da jita-jitar gobe.

Ku lura, maganin da ke cikin kwalbar a 2010 aikinsa ɗaya da na 2003. Masu kawo shi ne suka canja, da yadda suke sauraro.

Ƙofofin da ke buɗe gare ku

Sa baki ba ya ƙarewa a ranar zaɓe. Majalisun dokoki na jiha da na tarayya sukan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin su amince da wasu dokoki, kuma ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ko ta mata na iya kai takarda ko ta tura wakili. Tun 1992 Nijeriya na da dokar da ta wajabta a binciki illar da babban aiki kamar madatsar ruwa zai yi wa muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton inda jama'a za su gani su yi magana. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi takardun aikinta. Mafi kusa da ku kuwa su ne kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi, da kwamitin kula da makarantar firamare. Wanda bai iya rubutu sosai ba tukuna yana iya zuwa da bakinsa, ko ya sa ɗan ajinsu ya rubuta masa.

Aikin aji

Ku kasu gida uku ko huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi wani aiki da ake shirin yi ko ake gardama a kansa a garinku: rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, sabon irin shuka da malamin gona ya kawo, ko sauya wa kasuwa wuri. Ku raba takarda biyu. A dama ku rubuta tambayoyin da sai mai ilimin abin ne zai amsa, tare da irin masanin da za ku nema da yadda za ku gane ko abin yarda ne. A hagu ku rubuta waɗanda mutanen gari ne za su yanke. Za ku ci karo da tambayar da ta ƙi zama a kowane gefe, misali inda za a haƙa rijiya, wanda ya dogara da inda ruwa yake a ƙasa da kuma nisan da mata da yara za su yi da tulu a ka. Ku rubuta irin wannan a ƙasan takardar, ku zo da ita mako mai zuwa, da sunan mutum ɗaya a unguwarku wanda abin zai fi shafa kuma ba a saba gayyatarsa taro ba.